ƘARAMIN DA YA KA DA ƘATO: DAGA FAGEN KAKA ZUWA TOKIYO

Jama'a masu karatu, yau dai ku yi mani afuwa, ba labarin soyayya na zo maku da shi ba. Wani bashi ne nake son in rage, wanda na daɗe ina ɗauke da shi, kuma mai bashin ko sunansa ban sani ba.

Ni haifaffen ƙasar Ƙanƙara ne, amma dangin mahaifiyata suna wani ƙauye a ƙasar Faskari, can nake zuwa hutun ƙarshen shekara. A farkon shekarun 1990, ina ajin ƙarshe na firamare, hutun ya dace da tsakiyar kaka. An yanke dawa, an kai auduga an auna, kowane saurayi aljihunsa da ɗan nauyi. To a irin wannan lokaci ne ake kafa fagen kokawa. Da an yi la'asar sai ka ji ganga daga bayan gari, a wata gona da aka share kararenta. Yara ke buɗe fage, sai samari, manya kuwa sai rana ta yi ja. Babu sikeli, babu alƙalin wasa mai usur. Dattawan fage ke duba ku da ido, in sun ga abin ya yi nisa su ce, "Kai, koma, wannan ba sa'arka ba ne." Amma idan ƙaramin ya nace, kuma iyayen gidansa sun yarda, ba mai hana shi.

A ranar da nake ba ku labari, baƙi sun zo daga ƙasar Sabuwa. Ƙauyen kakannina suna da wani ƙato da suke taƙama da shi, wanda shekara uku bayansa bai taɓa ƙasa ba. Ya fito ya zagaya fage, guraye da layu sun cika mashi damtse, ya tsaya gaban baƙin. Manyansu suka sunkuyar da kai. Can sai wani ɗan siririn saurayi, wanda in ka gan shi a hanya sai ka ce tallan rake yake, ya miƙe ya ɗaure walkinsa. Mutane suka fashe da dariya. Kawuna bai yi dariya ba. Ya dafa kaina ya ce, "Yaro, buɗe idonka da kyau."

Ba a jima ba. Ƙaton ya kawo hannu zai rungume shi, saurayin ya zame, ya sake kawowa ya sake zamewa, har ƙaton ya fusata ya taho da ƙarfinsa duka. Nan saurayin ya nutse ƙasa, ya cafki ƙafa ɗaya, ya sa taɗiya a ɗayar. Ƙarar faɗuwar har yau tana kunnena. Fage ya yi tsit, sannan wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, aka ɗauke shi a kafaɗa ana manna mashi kuɗi a goshi. Ranar na gane abin da ake nufi da ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Bayan shekaru kusan talatin, ina rubuta wani littafi, na so in sa wannan saurayi a ciki, na ce bari in nemo sunansa da garinsu. Kawuna ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa. Ƙauyen kuwa 'yan bindiga sun tarwatsa shi, wasu na Funtuwa, wasu na cikin garin Faskari a gidajen 'yan'uwa. Na sami dattawa uku da suka halarci fagen. Kowa ya tuna kayen, har da inda ƙaton ya faɗi. Amma na farko ya ce ɗan mahauta ne, na biyu ya ce ɗan cirani ne daga arewa, na uku ya ce mani, "Ɗana, wa ke ta sunan ɗan kokawa yanzu? Mu da ke neman inda za mu kwana."

Ina cikin wannan takaici ne ɗana ya miƙo mani waya wani dare, ya ce, "Baba, kai da kake son resilin, dubi wannan." Gaskiya ne, muna sakandare mun sha kashe kuɗin tara a gidajen kallo muna kallon kaset ɗin 'yan kokawar Amurka. Na duba sai na ga wata fuska da na sani, Chris Benoit, amma yana saurayi, kuma rubutun da ke jikin allon na Japan ne. Abin da ya ja ni ke nan na bi diddigin wannan gasa, kuma abin da na samu shi nake son mu duba tare.

Kokawar da muke kira resilin ta kafu a Japan ne a shekarun 1950 ta hannun wani tsohon ɗan kokawar sumo mai suna Rikidozan. Ɗaya daga cikin almajiransa, Antonio Inoki, wanda ya kara da Muhammad Ali a Tokiyo a 1976, shi ya kafa kamfanin New Japan a 1972. A can ma, kamar ko'ina, ƙattai ke cin kasuwa. Waɗanda nauyinsu bai wuce kilo 100 ba an ware masu ajinsu daban, kuma galibi su ake sakawa a farkon dare, kamar yadda yara ke buɗe mana fage kafin manya su fito. A 1981 wani mai rufe fuska da ake kira Tiger Mask ya fara sauya tunanin 'yan kallo, saboda tsalle da zafin naman da ƙattai ba za su iya ba. Amma duk da haka ba a ba ƙananan dare nasu na kansu ba.

Wanda ya nema masu wannan dare shi ne Jushin Liger. Sunansa na yanka Keiichi Yamada, kuma labarinsa abin tausayi ne da farko: ya je neman shiga makarantar horon New Japan aka ce tsawonsa bai kai ba. Bai yi zuciya ya koma gida ba, sai ya tafi Meziko neman koyo, daga baya kamfanin da ya ƙi shi ya dawo da shi. Da ya zama zakaran ajin marasa nauyi, sai ya kawo shawarar a tara gwanayen wannan aji daga kamfanoni daban-daban, har da waɗanda ba sa ga-maciji da juna, a yi gasar fitar da gwani a dare ɗaya. Aka sa mata suna Super J-Cup.

An yi ta ranar 16 ga Afrilu, 1994, a zauren Ryogoku da ke Tokiyo, wato babban zauren kokawar sumo, gidan ƙattan ƙasar. Mutum 14 suka shiga, aka yi karawa 13, wanda aka kayar ya fita. Akwai Negro Casas daga Meziko, akwai Dean Malenko daga Amurka, akwai Eddie Guerrero da ya rufe fuska da sunan Black Tiger, akwai Hayabusa, akwai Benoit ɗan Kanada da ake kira Wild Pegasus a lokacin. Kowa ya ɗauka mai gayya zai kai ƙarshe. Sai ga wani matashi ɗan shekara 24, Great Sasuke, wanda ya kafa ɗan ƙaramin kamfaninsa na Michinoku, yana yawo da shi a ƙananan garuruwan arewa maso gabashin Japan, ya fitar da Liger a wasan kusa da na ƙarshe. Da na ga yadda zauren ya kaure, wallahi sai da na tuna guɗar tsohuwar nan. A wasan ƙarshe Benoit ya ka da Sasuke ya ɗauki gasar.

Kada wani ya ce na manta, na sani sarai cewa resilin shiri ne, kamar wasan kwaikwayo, tun kafin a hau an san wanda zai ci. Ciwon da ake ji ne na gaske. To amma wannan ma abin dubawa ne, domin ke nan Liger da kansa ya amince a ka da shi a gaban jama'arsa, a gasar da shi ya kawo shawararta, don a ɗaga wani yaro daga karkara. Mu marubuta mun san wuyar wannan, ka gina fage ka bar wa wani ya yi suna a kai.

Gasar ta ci gaba lokaci-lokaci. Liger ya ci ta 1995 da ta 2000, Naomichi Marufuji ya ci ta 2004 da ta 2009. Su kuwa mutanen daren farko kowa da inda ƙaddara ta kai shi. Sasuke ya ci zaɓen majalisar jihar Iwate a 2003, ya shiga zauren majalisa da rufin fuskarsa. Guerrero da Benoit, waɗanda ake ce wa sun yi ƙanƙanta, dukansu sun riƙe manyan kambunan WWE a 2004. Guerrero ya rasu a 2005. Benoit kuwa ya yi mummunan ƙarshe a 2007, ya kashe matarsa da ɗansa sannan ya kashe kansa, Allah Ya raba mu da mugun ji da mugun gani. Liger ya yi ritaya a Janairun 2020. Abin da ya tsaya mani a rai shi ne, ni da nake zaune a jihar Katsina na iya kawo maku rana da wata da sunan wanda ya ka da wane a Tokiyo shekaru fiye da talatin da suka wuce, amma na kasa kawo sunan wanda na gani da idona a ƙauyen kakannina.

Wani zai ce ai Japan ce, sun fi mu kuɗi da na'ura. To mu leƙa maƙwabta, nan bayan Jibiya. A Nijar, bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, gwamnati ta ɗauki kokawar kaka irin tamu ta mayar da ita gasar ƙasa. An yi ta farko a Tawa a 1975, kuma Yakuba Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobi. Daga nan gasar ta riƙa zagaya jihohi, kowace jiha ta kawo 'yan kokawa goma, rediyo da talabijin na ƙasa suna watsawa kai tsaye. Shi ya sa yaron da aka haifa jiya a Damagaram zai lissafo maka Kantu, da Salma Ɗan Rani, da Kadade, da Balla Haruna, har zuwa Issaka Issaka na Doso, wanda ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen 2023. Filin kokawar Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Doso kuma sunan Salma. Waɗannan mutane manoma ne 'yan ƙauye kamar saurayin Sabuwa. Bambancin kawai, su an kafa masu fage na dindindin, an kuma rubuta.

A gasar takobi ba a awon nauyi, ƙarami da ƙato duk tukunya ɗaya ce, kamar dai yadda muka gada. Awon nauyi ya shigo kokawar gargajiya ne ta gasannin ƙasa da ƙasa, irin wadda ƙungiyar ECOWAS ke shiryawa, inda ake raba 'yan wasa aji-aji, daga masu kilo 66 har zuwa manya. Kowane tsari da amfaninsa. Na awo yana ba ƙarami damar ya ci kofi ba tare da an karya shi ba. Namu na gado kuwa shi ke haifar da irin ranar da na gani, wadda ba ta zuwa sai jefi-jefi, amma in ta zo ba a mantawa. Sai dai abin da na koya a wahale shi ne, ana iya tuna kaye a manta da mai kayen.

Mu a kudancin Katsina abubuwa da dama suka taru suka kwantar da fage. Tun kafin tashin hankali samari sun fara komawa ƙwallo da gidajen kallo, wasu malamai kuma suna ƙyamar kiɗan da layun da cakuɗuwar maza da mata. Sannan 'yan bindiga suka zo suka ƙarasa. Wanda ya ga abin da ya faru a Kadisau ta ƙasar Faskari a Yunin 2020, ko daren 11 ga Disamba na wannan shekara da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, ya san dalilin da ya sa ba mai tara jama'a a bayan gari da yamma. A Satumban 2021 har layukan waya aka rufe a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Kokawa 'yar kaka ce, sai an noma an girbe an ƙoshi. Wanda bai je gona ba me zai yi murna da shi?

Ban ce a bar neman zaman lafiya a koma kiɗan kokawa ba, kowa ya san abin da ke gaba. Abin da nake cewa shi ne akwai aikin da ba ya jiran gwamnati, kuma namu ne mu masu alƙalami. Dattawan da suka san waɗannan fagage suna nan a zaurukan Funtuwa da Malumfashi da Katsina, kullum ana rage ɗaya. Mun rubuta littattafai ɗaruruwa a kan 'ya'yan masu kuɗin Kano da Abuja, gidajen da yawancinmu ba mu taɓa shiga ba. Me zai hana kowa ya ɗauki littafi da biro ya zauna gaban kakansa, ya tambaye shi su wa suka yi tashe a garinsu, a wace shekara, wa ya ka da wa, wane makaɗi ke yi masu kiɗa? Ni dai na fara, na cika rabin littafin rubutu mai shafi 80.

Littafin nawa kuwa na gama shi, saurayin yana ciki, amma na ƙi laƙa mashi sunan ƙarya, Baƙo kawai nake kiransa daga farko har ƙarshe. Idan akwai wanda ya fito daga ƙasar Sabuwa, ya taɓa jin mahaifinsa ko kawunsa na ba da labarin ranar da ya ka da ƙaton wani ƙauye a ƙasar Faskari, yana ɗan siririn saurayi, a wata kaka ta farkon shekarun 1990, don Allah ya neme ni. In yana raye ina son in gaishe shi, in kuma ya rasu in yi mashi addu'a da sunansa.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.