Tausa a kwarin Komadugu: tarihin da ba a rubuta ba

Kafin injunan ban ruwa su yaɗu a bakin Komadugu, da jigo Barebarin Mobar suke shayar da garakensu. Manomi zai tsaya kan gaɓa tun da sanyin safiya, ya sunkuya ya tsoma guga, ya miƙe ya juye, sau ɗaruruwa kafin rana ta take. Tattasai ya gaji alkama a mafi yawan fadamun, ya kuma zama arzikin Diffa, amma duƙen bai ragu ba: dashe da cirar ciyawa da tsinka duk a sunkuye ake yin su. Masunci da mai dakan gero su ma da kafaɗa da ƙugu suke biyan kuɗin abincinsu. Inda aiki yake cin jiki haka, dole a sami masu gyaran jikin.

Ta farkonsu ungozoma ce. A ƙasar Hausa da ta Barno, bayan wankan jariri takan shafe shi da man shanu ko man kaɗanya, ta miƙar da hannuwansa da ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe su ta saki. Mai jego kuma ana gasa mata jiki da ruwan zafi, a tausa mata baya da mara har ta yi arba'in. Ba duk abin da ke cikin wannan al'ada ne ya tsira daga binciken likitoci ba. A shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun danganta ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da tsananin zafin wanka, da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da yawan shan kunun kanwa. Wannan gargaɗi ya shafi Diffa kai tsaye, domin ƙasar Manga, wajen Maine Sorowa, tana cikin manyan wuraren da kanwar take fitowa. Abin lura shi ne zafin da kanwar aka tuhuma, ba hannun ungozoma ba.

Na biyu maɗori ne, wanda galibi gado yake yi. An fi saninsa da karaya, alhali akwai masu zuwa ƙofarsa da targaɗe ko riƙewar jijiya ke kawo su. Yakan laluba da yatsa har ya gano inda tsoka ta ɗaure, ya murza da mai, ya ja gaɓar a hankali. A nan gwanintarsa take. Haɗarinsa yana wajen ɗauri: in ya matse karare fiye da kima jini ya daina gudana, kuma asibitocin Nijar da Najeriya sun sha yanke hannun yaran da aka kawo a makare saboda haka.

Sai filin kokowa. Tun daga 1975, lokacin da aka fara gasar ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya lashe ta, kokowa ta zama wasan da ya fi tara ƴan Nijar. Diffa ta karɓi gasar a ƙarshen Disamba 2022, inda Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobi. Mawaƙa da ƴan kallo hankalinsu yana kan layu da guraye da kirari. Ba a cika yi wa abokin da ke murza cinyar ɗan kokowa da jan hannuwansa kafin karo waƙa ba, ko da yake a kwana na takwas na gasar aikinsa ne ke riƙe da ƙafafun gwani.

A wasu ƙasashe irin wannan sani ya sami takarda da hatimi. Per Henrik Ling ya buɗe makarantar motsa jiki a Sitokom a 1813. Faransa ta kafa takardar shaidar gwamnati ta masu tausar asibiti a 1946, kuma daga can ne kalmar «kine» ta shigo bakin ma'aikatan lafiyar Nijar. Indiya ta kai yoga, wato hanyarta ta miƙa jiki da sarrafa numfashi, har Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda a Disamba 2014 ta keɓe mata ranar 21 ga Yuni. Tausar Komadugu ba ta bi wannan hanya ba. Hannu ne ke koya wa hannu: yarinya ta riƙe wa kakarta kwarya shekara da shekaru kafin a bar ta ta taɓa jariri.

Ilimi irin wannan da zaman gari yake rayuwa, shi ya sa abin da ya faru daga 2015 ya taɓa shi. A ranar 6 ga Fabrairun shekarar mayaƙan Boko Haram suka kai hari Boso da Diffa. A watan Mayu aka kwashe mutanen tsibiran tafkin Cadi, aka kuma hana cinikin kifi da tattasai na wani lokaci. Ƙauyukan bakin kogi da dama suka watse, mutanensu suka kafa bukkoki a gefen babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, ƴan gudun hijira daga Najeriya kuma aka tsugunar da wasunsu a sansanin Sayam. An ƙidaya gonakin da aka bari da makarantun da aka rufe. Ungozomar da ta sauka a wani zango, jikanyar da take koyarwa kuma ta sauka a wani, ba su cikin irin wannan lissafi.