Tarihin Tseren Motoci na Rubu'in Mil da Ilimin Tashin Farko

Tseren motoci na gajeren zango, wanda motoci biyu ke jerawa kafaɗa da kafaɗa su tashi daga tsaye su miƙe zuwa rubu'in mil, wato mita 402, ya samo asali ne a kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka, inda tun shekarun 1930 samari masu ƙara wa tsofaffin motoci ƙarfi suke gwada gudu a busassun tafkuna irin na Muroc. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai wasan ya koma titunan gari da daddare, abin da ya jawo haɗurra da kamen 'yan sanda, kamar dai yadda ake kokawa da wasan mota da na babur a lokacin rakiyar amarya a garuruwan Arewa, ciki har da Gombe. Mafitar da aka samu a Amurka ita ce keɓe wa wasan fili, domin a 1950 C. J. Hart ya buɗe fagen tsere a filin jirgin sama na Santa Ana, sannan a 1951 Wally Parks, editan mujallar Hot Rod, ya kafa ƙungiyar NHRA, wadda ta shirya gasarta ta ƙasa ta farko a Great Bend ta jihar Kansas a 1955.

Da wasan ya samu fili da agogo, sai masu yin sa suka gano cewa ƙarfin inji shi kaɗai ba ya kai mutum gaci, saboda motar da tayoyinta suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna hayaƙi ta riga ta yi asarar lokacin da ba za ta iya fansowa a gaba ba. Saboda haka hankali ya koma kan ƙafa 60 na farko, kimanin mita 18, har ya zama ana rubuta lokacinsu daban a takardar da ake miƙa wa direba bayan kowane zagaye, kuma masana harkar sun daɗe suna cewa duk abin da aka rage a wannan ɗan taƙi yakan ƙaru kafin ƙarshen zango. Daga nan ne aka ƙera faffaɗan tayoyi masu taushi marasa zane, aka riƙa rage musu iska domin su shimfiɗu a kan kwalta, aka kuma ɗauki al'adar murza su a jiƙaƙƙen wuri kafin tashi domin su yi zafi su share ƙura. Haka nan aka fahimci cewa nauyin mota yakan koma baya a lokacin da ta zabura, don haka gyaran shokazoba da sanin gwargwadon totur da za a ba ta kafin a saki kuloci sun fi amfani ga mai ƙaramin ƙarfi fiye da sayen sabon inji. Direban tsere Don Garlits kuwa, wanda giyar motarsa ta tarwatse a 1970 har ya rasa wani sashe na ƙafarsa ta dama, ya mayar da inji bayan direba a 1971, kuma ba a jima ba sauran motocin ajinsa suka bi sahu.

A 1963 aka maye gurbin mai ɗaga tuta da jerin fitilu masu saukowa daga ruwan ɗorawa zuwa kore, kuma a tsarin da ake bi agogo ba ya fara ƙirga sai tayar gaba ta bar layin haske, wanda ke nufin lokacin tafiyar mota daban yake da saurin zaburar direba, har ma mai jinkirin mota yana iya cinye mai sauri idan ya riga shi tashi. Wannan ne tushen gasar 'yan sha'awa, inda kowa ke rubuta lokacin da yake hasashen motarsa za ta yi, a ba mai jinkiri ratar bambancin, wanda kuma ya yi sauri fiye da abin da ya rubuta ya faɗi. Tsari ne mai hikima, domin ya ɗauke nasara daga hannun mai kuɗi ya miƙa ta ga wanda ya san halin motarsa. Ajujuwan motoci mafi sauri kuwa an rage musu zango zuwa ƙafa 1,000 a 2008 bayan rasuwar direban tsere Scott Kalitta.

Ga matasa da makanikan wuri irin unguwar Malam Inna, wadda ke maƙwabtaka da Jami'ar Jihar Gombe, wannan ilimi yana da nasa yanayi, domin zafin bazara yana rage kaurin iska har inji ya rage ƙarfi, ƙurar hunturu da yashin da ruwa ke sharowa kan titi kuwa suna hana taya kama ƙasa. Titin unguwa da ɗalibai da 'yan acaba da Keke Napep ke cinkoso a kansa ba shi da agogo balle shinge, saboda haka abin da ake yi a kai ganganci ne kawai, kuma idan hukumomin wasanni na jihar suna son ya zama gasa, sai sun fara da keɓe fili mai katanga a wajen gari.