Mudun Auna Aikin Masu Rubuta Manhaja

A shekarar 1982, shugabannin sashen ƙera kwamfutar Lisa a kamfanin Apple suka wajabta wa injiniyoyinsu cike takarda kowane mako, su bayyana yawan layukan manhajar da suka rubuta. Bill Atkinson ya shafe kwanaki yana sake fasalin wani ɓangare na manhajar zane, ya rage mata layi 2,000, ta kuma ƙara sauri. Da aka kawo masa takardar, sai ya rubuta -2000. Tun daga lokacin aka gane cewa yawan layi mudu ne mai ha'inci, amma sha'awar auna ma'aikaci da alƙaluma ba ta gushe ba.

Kundin da ke adana tarihin kowane gyara ya girmi wannan labari, domin Marc Rochkind ya ƙirƙiri SCCS a Bell Labs tun 1972. Manufarsa ita ce a iya komawa ga tsohon rubutu idan sabon ya lalace.

Aikin Linux ne ya mayar da irin wannan kundi abin ƙidayar mutane, kuma shari'a ce sila. A 2003 kamfanin SCO ya maka IBM a kotu, yana zargin an kwafi rubutunsa an zuba a Linux. Saboda haka, a 2004 Linus Torvalds ya shar'anta cewa duk gyaran da za a karɓa sai ya zo da layin sa hannu, mai ɗauke da sunan wanda ya miƙo shi da adireshin imel ɗinsa. A watan Afrilun 2005, bayan an raba gari da BitKeeper, Torvalds ya rubuta Git, wadda ke rubuta sunan marubucin gyara daban da na wanda ya shigar da shi.

Da wannan kundi Jonathan Corbet na LWN ya fara ƙidaya a 2007, yana danganta adireshin kowane marubuci da kamfanin da ke biyansa. Rahoton Gidauniyar Linux na 2008 ya nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na aikin ma'aikatan kamfanoni irin su Red Hat, Novell da IBM ne ke yinsa. Wannan ya rushe tunanin cewa 'yan sa-kai ne kaɗai ke gina Linux.

Sai dai kundin yana ganin abin da aka shigar ne kawai. Wanda ya yini yana bitar rubutun wani, ko ya hana a shigar da gyara mai haɗari, kusan ba ya barin sawu. Haka kuma, da zarar albashi ko lada ya rataya a kan adadi, mutane sukan koma farautar adadin. An ga haka a watan Oktoban 2020, lokacin gasar Hacktoberfest, inda masu neman kyautar riga suka cika GitHub da gyare-gyare marasa amfani, masu kula da ayyuka suka rasa lokacinsu wajen sharewa.

Kundin Git shaida ne mai ƙarfi a kan wanda ya taɓa wane layi da kuma yaushe. Darajar abin da ya yi kuwa, har yau sai wanda ya zauna ya karanta rubutun ne ke iya faɗinta.