Tarry

Tarry kalma ce ta aikatau a harshen Turanci, wadda ke nufin dakatawa, ko yin jinkiri, ko daɗewa a wani wuri fiye da yadda aka yi niyya. Ba a cika jin ta a hirar yau da kullum ba, an fi samun ta a adabi da littattafan addini.

Ma'ana

Kalmar ta bambanta da pause, wadda ke nufin ɗan tsayawa kaɗan sannan a ci gaba. Wanda ya yi tarry ya tsaya ne har ya ɓata lokaci, kamar yaron da aka aika kasuwa ya tsaya kallon wasa. Tana kuma nufin yada zango na ɗan lokaci a wani gari, ko zaman jiran wani. Misali, "Do not tarry on the road" na nufin "kada ka yi jinkiri a hanya". Sauran siffofinta su ne tarries, tarried da tarrying.

Tarihi

An fara samun kalmar a rubuce a Turancin tsakiyar zamani, wajen ƙarni na 14, da siffar tarien. Shakespeare ya yi amfani da ita a wasan The Merchant of Venice, inda Portia ta dakatar da Shylock a gaban kotu. Ta kuma fito sau da dama a fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James, wadda aka buga a 1611. Daga baya wait da stay da linger suka maye gurbinta a bakin jama'a.

Amfani a yau

Mabiya cocin Fentikos suna kiran doguwar addu'ar jiran Ruhu Mai Tsarki da suna tarrying, bisa ayar Luka 24:49. A Najeriya ma wasu coci-coci suna kiran kwanan addu'a da tarry night. A wajen coci kuwa, wanda ya saka kalmar a wasiƙar aiki ko hira, za a ji Turancinsa kamar na mutanen da.

Kalma mai kama da ita

Akwai wata tarry mai rubutu iri ɗaya, wadda sifa ce daga tar, wato kwalta, tana nufin abin da ya yi baƙi da danƙo. Furucinsu ya bambanta: aikatau tana tafiya da carry, sifar kuma da starry.