Yini ɗaya a Jos: na je sayen rigar sanyi, na dawo da labarin diban gwamna 🧵

1/ Ranar Asabar ni da abokaina biyu muka shiga Jos da sassafe. Shirinmu bai wuce uku ba: mu sayi gwanjon rigunan sanyi, mu leƙa gidan tarihi, mu ci abinci mu juya. Ku gyara zama, zaren na da ɗan tsawo.

2/ Sanyi ne ya fara yi mana maraba. Garin na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ni kuwa ɗan Katsina da ƴar shara a jiki. Haƙorana har kaɗawa suke.

3/ A Taminus muka fara. Ƴan gwanjo sun baje a bakin titi, bayansu kangon Babbar Kasuwar Jos da ta ƙone a Fabrairun 2002. Ana sa ta cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma a lokacinta. Wanda ya sayar min da riga ya ce babansa na da shago a ciki. Ya nuna min da baki, ya ci gaba da lissafin canji.

4/ Sai gidan tarihi. Wani Bature, Bernard Fagg, ya kafa shi a 1952. Nan na yi ido huɗu da kawunan Nok: yumɓu ne gasasshe, ido mai kusurwa uku da huda a tsakiya, ga kitso kamar jiya aka yi. Sun haura shekara 2,000.

5/ Ba masana ne suka gano su ba fa. Leburorin haƙar kuza ne suka fara tono su a 1928 kusa da ƙauyen Nok, a Jihar Kaduna ta yanzu. A 1943 aka sami wani kan a yankin Jama'a, wani ya kafa shi a gonar doya yana korar tsuntsaye kafin ya kai hannun Fagg. Tarihin shekara dubu biyu yana gadin doya 😭

6/ Kuzar nan ita ta gina Jos ɗin da muka sani. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Ingila suka dira. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso tudun don kwasar ta, aka rufe layin a 1957. Wannan aikin ya tara Hausawa, Ibo, Yarbawa da sauransu a ƙasar Birom, Anaguta da Afizere, waɗanda gonakinsu aka haƙe.

7/ A nan jikina ya yi sanyi. A 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun yawancin kuzarta. Sai suka juyo kanmu. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa, ta hannun hakimai da dagatai, ana kai su ramukan kuza. Mutanenmu suka sa masa suna “diban gwamna”.

8/ Ina yaro kakata kan ce wan babanta “gwamna ya ɗebe shi, bai dawo ba”. Wallahi na ɗauka aikin soja take nufi. Sai da na tsaya gaban kayan haƙar na gane inda aka kai shi.

9/ Ku tuna sanyin da na ce muku. Ni da kuɗin sayen riga a aljihu. Su an kawo su daga ƙasar zafi, ba bargon kirki, abinci bai isa ba, suna yini cikin ruwa da taɓo da kwano a ka. Ciwon huhu da gudawa sun kashe da yawa, wasu suka gudu da ƙafa. A makaranta an koya mana sojojinmu da suka je Bama. Waɗannan kuwa ko layi ɗaya ban taɓa gani ba a littafin sakandarenmu.

10/ Kududdufan da kuke ɗaukar hoto a gefensu wajen Bukur da Rayfil, da yawa ba tafkin Allah ba ne. Ramukan kuza ne da aka bari ruwa ya cike, kuma suna cin mutane.

11/ A gefe akwai filin gine-ginen gargajiya: kwafin ganuwar Kano da na Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Ku shiga ku ɗaga kai ku ga bakan gizon da aka ɗaura da ƙasa da azara. Duk mai raina ginin ƙasa ya zo nan.

12/ La'asar muka ci gwaten acca da ganye a wani ɗan shago, da soyayyen dankalin Turawa. Abokina ya yi ta santi, ni dai cokali nake juyawa.

13/ Muka biya Farin Gada na sayi kabeji, karas da sitiroberi na tsaraba. A mota na kira kakata na ce, “Hajiya, na je inda aka kai wan babanku.” Ta yi shiru, can ta ce, “To ka yi masa addu'a a wurin?” Ban yi ba. Sai a kujerar motar na yi, mun riga mun wuce Saminaka.