Gidan Rumfa: Fadar da Ba a Mulkin Kano Sai da Ita

Tun watan Mayun 2024, da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya mayar da Muhammadu Sanusi II kan karaga, shi kuma Aminu Ado Bayero ya sauka a gidan Nasarawa, Kanawa ke ta muhawara a kan wanda ke cikin Gidan Rumfa. Wannan magana ta girmi kowa a cikinsu.

Sarakunan farko a gindin Dala suka yi zamansu. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa kasuwar Kurmi, ya fita fili ta kudu ya zagaye eka talatin da wani abu da katanga. Wasu na cewa zuwan Shehu Magili ne ya kawo tsarin gidan daga ƙasashen Larabawa. Ban yarda ba. Tubali da azara da makuba da bakan gizon da ke ɗauke da rufin soraye duk aikin maginan Hausa ne. A ganina Rumfa nesa ya yi da tsofaffin masu faɗa a ji na Dala, ya gina wurin da sai an ratsa soro bayan soro, an wuce bayin sarki, kafin a gan shi. Kulle da kakaki da figini da Tara ta Kano duk a zamaninsa suka fara.

Da jihadi ya ci Kano, Sarki Sulaimanu bai shiga gidan nan take ba. Kundin tarihin Kano ya kawo cewa sai da aka faɗa masa in bai shiga ba mutane ba za su bi shi ba, ya tafi wurin Shehu Usmanu, aka ba shi izini. Alƙalawa, fadar Gobirawa a ƙasar Zamfara, ta zama kufai bayan 1808, amma a Kano sababbin masu mulki suka gaji gidan Haɓe. Sarki Abdullahi Maje Karofi ya gina Ƙofar Kudu. Turawa ma da suka ci birnin a 1903, Abbas suka naɗa ya zauna a ciki.

Abin da ke damuna shi ne siminti na ci gaba da cinye ginin ƙasa a gidan. Ko wa kotu ta ba gaskiya tsakanin Sanusi da Aminu, a nemo magina na gado su gyara sorayen da suka rage da tubali da makuba.