Tarihin Sinadarin da Ke Ƙin Ruwan Zafi

Kowa ya san sukari ya fi saurin narkewa a shayi mai zafi. To, akwai wani sinadari dangin roba, wanda masana suka taƙaita dogon sunansa da PNIPAM, da ya saɓa wa wannan ƙa'ida. A ruwan sanyi yakan narke, ruwan ya yi garai-garai. Da zarar ɗumin ya haura digiri 32 a ma'aunin Salshiyas, sai ruwan ya yi fari kamar an tsiyaya masa madara, domin zarurrukan sinadarin sun ƙudundune sun saki ruwan da suka riƙe. A sanyaya shi, ya koma yadda yake.

A 1968 ne Heskins da James Guillet na Jami'ar Toronto a Kanada suka bayyana wannan hali dalla-dalla. Aka daɗe ba a waiwayi batun sosai ba, sai da Toyoichi Tanaka na MIT a Amurka ya nuna a 1978 cewa jel na iya tsukewa farat ɗaya. A 1984 shi da Hirokawa suka ga haka a jel ɗin PNIPAM cikin ruwa zalla, zafi kaɗai ne sila.

Nan masu harhaɗa magunguna suka buɗe kunne, don 32 ba ta da nisa da 37, ɗumin jikin mutum. Allan Hoffman a Jami'ar Washington ya shiga aikin. Haka ma Sung Wan Kim a Jami'ar Utah tare da Bae da Teruo Okano, waɗanda a 1987 suka cusa maganin indomethacin cikin jel suna kunna fitarsa suna kashewa. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda ƙofar ke rufewa: bayan jel ɗin ne ke fara jin zafi, sai ya tsuke ya zama ɓawo, ya kulle maganin a ciki. Wato zafi ne ke tsayar da magani, alhali mai zazzaɓi akasin haka yake bukata.

A 2009 Todd Hoare da Daniel Kohane a Boston suka juya dabarar. Suka yi tantani mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin jel da garin ƙarfe mai jin maganaɗisu. Idan aka kunna maganaɗisu daga waje, ƙarfen ya ɗumama, ƙwayoyin su tsuke, kafofi su buɗe, magani ya bi ta ciki. Sai dai PNIPAM ba ya ruɓewa a jiki, shi ya sa yawancin wannan aiki bai bar ɗakin gwaji ba.

Marasa lafiya kuwa ta wata hanya dabam suka fara amfana. Okano, bayan komawarsa Tokyo, ya shafe gindin farantin renon ƙwayoyin halitta da sinadarin a 1990. A digiri 37 ƙwayoyin suna mannewa su yaɗu; a sauke ɗumin zuwa 20, sai su ɗago gaba ɗaya kamar yanar da ke kan madara, ba tare da an yayyaga su ba. A 2004 Kohji Nishida da abokan aikinsa a Osaka suka ba da rahoton mutum huɗu da fuskar idonsu ta lalace. An ɗebi ƙwayoyi daga cikin bakinsu, aka rene su a irin wannan faranti, aka shimfiɗa musu a ido ba ɗinki, ganinsu kuma ya ƙaru.